Kyakkyawar Niyya Ba Ta Kafa Tanti

Ranar Litinin 6 ga Fabrairun 2023, da ƙarfe 4:17 na asuba, mutane na barci, ƙasa ta girgiza a kudancin Turkiyya kusa da birnin Gaziantep da ƙarfin maki 7.8. Bayan kamar awa tara, waɗanda suka tsira suna kan ɓaraguzai suna tono da hannu, sai wata mai ƙarfin 7.5 ta sake afkuwa ta wajen Elbistan, ta ƙarasa gine-ginen da ta farko ta tsattsage. Larduna 11 abin ya shafa. Turkiyya ta ƙirga gawa sama da 53,000, Siriya kuma wajen 6,000 ko fiye. Tsakiyar hunturu ne, har da dusar ƙanƙara a wasu wuraren, don haka wanda gini bai kashe ba sanyi na jiransa a waje. Tsohon birnin Antakya ya kusa shafewa baki ɗaya. A can ne aka tono gawar Christian Atsu, ɗan ƙwallon Ghana da ke buga wa Hatayspor, ranar 18 ga wata, bayan kwana 12 ana nema.

A lokacin mu ma nan muna cikin namu halin. Canjin kuɗi ya sa takardar Naira ta yi ɓatan dabo, mutane na kwana a bakin banki, zaɓen shugaban ƙasa kuma saura ƙasa da mako uku. Duk da haka zukata sun motsa. Gwamnatin Najeriya ta aika da Dala miliyan 1, an yi addu'o'i a masallatai da majami'u, saƙonnin neman taimako suka riƙa yawo a WhatsApp da Facebook, kowanne da hoton yaro cikin ƙura da lambar asusu a ƙasansa. Mutane sun tura. Wannan halin namu ne mai kyau, ba na fatan mu rabu da shi. Abin da ke damuna shi ne maganar da ke biyo bayan turawar, wadda kowa ya san ta: “Ni dai na bayar don Allah, in ya ci, shi da Allah.”

Maganar tana da daɗin ji, tana kama da tawakkali, amma in ka duba ta da kyau mutum biyu kawai ta ambata, mai bayarwa da wanda ya karɓa. Ta manta da na uku, wanda dominsa aka yi sadakar: matar da ke zaune a gefen titi a Antakya da 'ya'ya uku ba bargo. Ladan mai bayarwa yana wurin Allah, ban isa in taɓa shi ba. Amma ita matar ba lada take jira ba, tanti take jira, kuma niyyarka duk kyawunta ba za ta kafa mata shi ba in kuɗin ya maƙale a aljihun wani a hanya. Shi ya sa nake ganin bincike kafin bayarwa yana cikin sadakar kanta. Ragon layya ma ibada ne, amma ba wanda ke tura kuɗi ga baƙon da bai sani ba ya ce a yanka masa ko me aka samu. Sai mun buɗe bakinsa mun ga haƙori, mun duba ido da ƙafa, don mun san mai aibi ba ya isarwa.

Na san hujjar da ake kawowa. Akwai ingantaccen hadisi na mutumin da ya fita da sadakarsa cikin dare ta faɗa hannun ɓarawo, ya sake fita ta faɗa hannun mazinaciya, ya sake fita ta faɗa hannun mawadaci, daga baya aka yi masa albishir cewa an karɓa. Gaskiya ne, kuma rahama ce babba ga wanda ya yi iya ƙoƙarinsa aka yaudare shi. Sai dai a lura da abin da mutumin ya yi duk lokacin da gari ya waye ya ji inda sadakarsa ta sauka: ya sake ɗaukar wata ya fita. Bai ce ai ya riga ya bayar ba. Damuwarsa ita ce ta isa ga mabuƙaci. Sannan akwai labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura karɓar zakka. Da ya dawo sai ya ware wani kaso ya ce kyauta aka ba shi. An yi masa hisabi, Annabi ya hau mimbari ya yi gargaɗi mai tsanani a kan ma'aikacin da ke cin wani abu daga dukiyar da aka wakilta shi ya tara. Sahabi ne fa aka tambaya ina lissafi. Ban ga dalilin da zai sa mu ji nauyin tambayar shugaban wata gidauniya ba.

'Yan damfara su ne matsala mafi sauƙi. Kwanaki kaɗan bayan girgizar Turkiyya, BBC ta bankaɗo masu amfani da TikTok da Twitter da PayPal suna tara kuɗi da sunan waɗanda abin ya shafa. Wani hoton da ya yi ta yawo na wani ma'aikacin kashe gobara ne rungume da yaro cikin ɓaraguzai, ga adireshin kuɗin kirifto a ƙasa. Da aka duba da kyau sai aka ga hannunsa yatsu shida gare shi: manhajar Midjourney ce ta zana shi, ba kyamara ta ɗauka ba. Irin waɗannan alamominsu ba sa ɓuya. Shafi sabo ne da aka buɗe jiya, asusu na mutum ɗaya ne, ba ofis, ba sunan da za a kama, kuma kullum ana ingiza ka ka tura yanzu-yanzu. Minti biyar na natsuwa ya isa ka kuɓuta.

Abin da ya fi wuya shi ne manyan sunaye, waɗanda ba wanda zai kira su ɓarayi, amma su ma suna iya riƙe amana su sake ta. Bayan girgizar ƙasar Haiti ta 12 ga Janairun 2010, ƙungiyar Red Cross ta Amurka ta tara kusan Dala miliyan 500, fiye da kowace ƙungiya. A watan Yunin 2015 kafofin ProPublica da NPR suka fitar da bincikensu. Ƙungiyar na cewa ta samar wa mutum sama da 130,000 matsuguni, amma gidajen dindindin da ta gina guda 6 ne. Red Cross ta kare kanta, ta ce ta kashe kuɗin a matsugunan wucin gadi da biya wa mutane kuɗin haya da ruwan sha da asibitoci, kuma rikicin mallakar filaye a Haiti ya hana gini. Akwai gaskiya a ciki. Amma binciken ya nuna wasu abubuwan da suka fi adadin gidaje muhimmanci: an ɗora aiki a kan baƙin da ba sa jin Faransanci ko yaren Kiriyol na mutanen ƙasar, manyan kujeru sun daɗe ba kowa a kai, kuma kuɗi da yawa miƙa su aka yi ga wasu ƙungiyoyi, kowace ta cire nata kason gudanarwa kafin ta miƙa gaba. Da sanata Chuck Grassley ya bi sawu a 2016, rahotonsa ya ce kusan kashi ɗaya bisa huɗu na kuɗin a harkokin cikin gida na ƙungiyar ya tafi. Ba a ce wani ya sace ba. Ƙungiya ce da ta ƙware a agajin gaggawa a ƙasarta ta karɓi kuɗin da ya fi ƙarfin abin da ta iya a ƙasar da ba ta sani ba, ta kuma kasa fitowa ta faɗa.

Kada wani ya ce ai wannan halin Turawa ne. A ƙarshen Fabrairun 2023 ɗan jarida Murat Ağırel na jaridar Cumhuriyet ya fallasa cewa Kızılay, wato Red Crescent ta Turkiyya, ƙungiyar da tarihinta ya faro tun 1868 zamanin daular Usmaniyya, ta sayar wa wata ƙungiyar agaji mai suna Ahbap tantuna 2,050 a kan Lira miliyan 46, a kwanakin farko na bala'in. Mawaƙi Haluk Levent da ya kafa Ahbap ya tabbatar da cinikin, ya ce mutane na daskarewa, ba shi da zaɓi sai ya saya inda ya samu. Shugaban Kızılay, Kerem Kınık, ya ce kamfanin ƙungiyar mai ɗinka tanti ne ya yi cinikin, kuma bai saɓa doka ba. Mai yiwuwa bai saɓa ba. Amma a ce ƙungiyar da aka kafa don ranar irin wannan tana da tanti a sito, mutane na kwana a fili cikin ƙanƙara, tanti bai fita ba sai da aka biya, kuma da kuɗin sadakar wasu aka biya, wannan ya wuce abin da zuciya za ta ɗauka. Fushin jama'a bai lafa ba har Kınık ya ajiye muƙaminsa ranar 12 ga Mayu. Ita dai wannan Kızılay ɗin ce kuma ta ciyar da miliyoyin mutane abinci mai zafi a watannin. Duka biyun sun faru, kuma abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne cewa tsufan ƙungiya, ko jinjirin wata a tambarinta, ko ayar da ta rubuta a allonta, ba sa ɗauke maka nauyin tambaya.

To in suna bai isa ba, me za a duba? A wurina tambaya ta farko ita ce: wa ke wurin tun kafin ƙasa ta motsa?

Arewa maso yammacin Siriya ya amsa wannan tambayar da rayukan mutane. A lokacin yankin na ɗauke da mutum sama da miliyan 4, akasarinsu yaƙi ne ya koro su, kuma da agaji suke rayuwa tun kafin girgizar. A 2014 kwamitin sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da mashigai huɗu na shigar da agaji Siriya daga maƙwabta, amma kujerar na-ƙi ta Rasha da Sin ta riƙa zaftare su har zuwa 2020 ya rage guda ɗaya, Bab al-Hawa. Da girgizar ta zo, hanyar zuwa mashigar ta lalace, ma'aikatan agajin da ke Gaziantep su ma suna tonon nasu iyalan. Ayarin farko na Majalisar, motoci 6, bai tsallaka ba sai 9 ga Fabrairu, kuma ba kayan tono ya ɗauko ba. Sai 13 ga wata gwamnatin Bashar al-Assad ta yarda a buɗe ƙarin mashigai biyu, Bab al-Salam da al-Ra'i. Kwana ɗaya kafin nan shugaban sashen agaji na Majalisar, Martin Griffiths, ya je kan iyakar ya amsa da bakinsa cewa sun gaza wa mutanen yankin.

Masana ceto sun daɗe da sanin cewa bayan awa 72 fatan fito da mai rai yana raguwa sosai, kuma yawancin waɗanda ake cetowa maƙwabta ne ke zaƙulo su. A garuruwa irin su Jindires, waɗanda suka yi tonon su ne mutanen gari da 'yan sa-kai masu fararen hular kwano, su kimanin 3,000, waɗanda shekarun yaƙi suka koya wa yadda ake ciro mutum daga ƙarƙashin siminti. Sun ce sun ceto kusan mutum 3,000 da ransu. Duk abin da suka yi a waɗannan kwanaki uku, da kayan da ke hannunsu tun ranar Lahadi suka yi shi: man da ke cikin tankin mota, janareton da aka saya bara, horon da aka ba su shekarun baya. Kuɗin da duniya ta fara turawa ranar Litinin da rana bai ciro kowa daga ɓaraguzai ba, amfaninsa ya zo daga baya. Wanda ya ceci rai a kwanakin farko shi ne wanda ya bayar tun babu kyamara a wurin.

Manyan masu ba da agaji sun san wannan. A taron jinƙai na duniya da aka yi a Santambul cikin Mayun 2016, sun yi alkawarin cewa kafin 2020 kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin cikin gida kai tsaye gwargwadon iko. An wuce 2020 ba a kai ko kusa ba. Mu da ke nesa ba mu da hanyar sanin kowace ƙaramar ƙungiya a lardin Idlib na Siriya, amma muna iya duba babbar ƙungiyar da ke neman kuɗinmu mu ga tun yaushe take aiki a ƙasar, su wa ne abokan aikinta a can, da sunansu. Ƙungiyar da ta fara jin sunan lardi a labarai tare da kai, kuɗinka zai fara ƙarewa ne a tikitin jirgi da otal da tafinta.

Tambaya ta biyu ita ce ko ƙungiyar na iya cewa “ya isa”. Misalin da ya fi burge ni ya faru bayan girgizar ƙasar ƙarƙashin teku ta 26 ga Disambar 2004, wadda ta tayar da igiyar tsunami ta kashe mutum sama da 220,000 a Indunisiya da Sri Lanka da Indiya da Tailan da sauransu. Kuɗi suka riƙa kwarara kamar ba za su ƙare ba. A farkon Janairun 2005, kwanaki kaɗan da faruwar abin, ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa, MSF, ta fito ta ce a daina ba ta kuɗi don tsunami, abin da ta samu ya ishe ta aikin da za ta iya yi a can. Ta tuntuɓi masu bayarwa ta nemi izininsu ta kai rarar wasu wuraren, wanda bai yarda ba a mayar masa da kuɗinsa. Wasu ƙungiyoyin sun ji haushinta, suna ganin za ta kashe musu kasuwa. Cikin wuraren da rarar ta yi amfani har da Nijar, a yunwar 2005, lokacin da cibiyoyin ciyar da yara suka cika a Maraɗi. Mai tara taimakon da ya san iyakar ƙarfinsa, ya kuma nemi izininka kafin ya sauya wa kuɗinka alƙibla, shi ne mai amana. Wanda kullum asusunsa a buɗe yake, bai taɓa faɗin nawa yake nema ba balle ya ce an cika, a yi hattara da shi.

Akwai wani kuskure da masu tsantseni kansu ke faɗawa, wato neman wanda zai rantse cewa ko sisi ba ya taɓawa, duk abin da aka bayar zai isa ɗari bisa ɗari. Wannan alkawarin ya kamata ya sa ka ƙara tambaya. Motar da za ta hau dutse da buhunan fulawa da mai take tafiya, direban yana da iyali, sito haya ake biya, akanta da oditan da za su hana sata su ma albashi suke ci. Aya ta 60 a Suratut Tauba, da ta jera mutum takwas da ake ba zakka, ta sa ma'aikatan tara ta a cikinsu. Kuɗin gudanarwa halal ne. Abin da ba halal ba shi ne ɓoye shi, ko kumbura shi, ko a cire shi sau uku a hannu uku kamar yadda aka gani a Haiti. Ƙungiyar da ta ce maka daga kowace Naira 100 ga abin da ke tafiya a gudanarwa, ga rahoton odita na bara ka karanta, ta fi mini wadda ta ce komai fisabilillahi ne amma ba ta da takarda. A Ingila duk babbar ƙungiyar agaji mai rajista, irin su Islamic Relief da aka kafa a Birmingham a 1984, dole ta miƙa lissafinta na shekara ga hukumar kula da ƙungiyoyin agaji, kuma kowa na iya buɗe shi a intanet kyauta, ko daga Gusau yake.

Batun kaya kuwa, a taƙaice, a bar shi. Duk bala'in da ya faru sai an tara tsofaffin tufafi da takalma da magungunan da suka kusa lalacewa, a cika filin jirgi da su, a ɗauke 'yan sa-kai daga aikin ceto a sa su tantance tsummokara. 'Yan kasuwarmu na Kantin Kwari Santambul suke zuwa saro kaya. Gaziantep da Kahramanmaraş kansu garuruwan masaƙu ne. Kuɗin da za ka biya jirgi ya kai gwanjo can ya isa ya sayi sababbin barguna a lardin da ke maƙwabtaka, ya kuma raya kasuwar da mutanen ke buƙatar ta farfaɗo. Sannan mu mutanen da ba mu saba da girgizar ƙasa ba, ba lallai mu san abin da ake nema ba. Wanda gini ya danne na awanni, naman jikinsa da ya murƙushe yana sakin guba cikin jini da zarar an ɗaga nauyin, ƙoda ta tsaya, in ba a yi masa wankin ƙoda ba ya mutu bayan an yi murnar ceto shi. Ba wanda zai sa injin wankin ƙoda a buhun taimako. Kuɗi ne kaɗai ke iya zama injin yau, gobe ya zama maganin kwalara, jibi ya zama ƙafar roba. Ko Maroko, da girgizar 8 ga Satumbar 2023 ta kashe kusan mutum 3,000 a tsaunukan Atlas, ƙasashe huɗu kawai ta fara bari su shigo da ma'aikatan ceto, Sifaniya da Birtaniya da Katar da Daular Larabawa, tana cewa taimakon da ba tsari zai toshe 'yan hanyoyin duwatsun da suka rage. Ga masu son ba da kuɗi kuma ta buɗe asusu guda na musamman mai lamba 126. An soki matakin, wasu na ganin siyasa a ciki, amma hujjar cunkoso hujja ce ta gaskiya.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne girman ramin da ake son cikewa. Bankin Duniya ya ƙiyasta ɓarnar kai tsaye a Turkiyya a kan Dala biliyan 34.2. Gamayyar ƙungiyoyin agaji ta Birtaniya, DEC, da gagarumin kamfen ɗinta, abin da ta tara ya ɗan haura Fam miliyan 150. Sadakar mutane ba ita ke sake gina birni ba, wannan aikin gwamnati ne. Amfanin sadaka shi ne ta shiga inda hannun gwamnati bai kai ba. Turkiyya ƙasa ce mai ƙarfi, tana da hukumar agajin gaggawa ta AFAD, tana da sojoji da masana'antu, ƙasashe da dama kuma sun kai mata ɗauki. Idlib kuwa a lokacin ba ta da ko ɗaya. A ra'ayina, mai Naira 5,000 da ke son ta yi nauyi, ya kai ta inda layin masu bayarwa ya fi gajarta. Ranar 7 ga Oktoban 2023 girgiza mai ƙarfin 6.3 ta rusa ƙauyukan lardin Herat na Afganistan, ta kashe mutum sama da 1,000, akasarinsu mata da yara da ke cikin ɗaka. Ranar ce kuma yaƙin Gaza ya ɓarke, hankalin duniya ya koma can, mutanen Herat suka shiga hunturu kusan ba wanda ya waiwaye su. Haka lokaci ma. Makon farko kowa na bayarwa. Bayan shekara guda dubban ɗaruruwan mutane a Hatay da Adıyaman da Malatya na zaune cikin kwantena, yaron da aka yanke wa ƙafa ya girma ya fi ƙarfin ƙafar robar da aka yi masa yana buƙatar wata, amma ba mai tara masa kuɗi kuma. Wanda ya raba abin da zai bayar gida biyu, ya riƙe rabi sai bayan wata shida, ya ga kuma wace ƙungiya ce ta fitar da rahoton abin da ta yi da rabin farko, ya yi dabara.

Saura hanyar da kuɗin zai bi daga nan, wadda ita ce ainihin matsalarmu. A 2023 yawancin bankunan Najeriya sun rufe amfani da katin Naira a shafukan ƙasashen waje, don haka mai son taimakawa ya koma neman ɗan tsakiya: ɗalibin da ke karatu a Turkiyya, ɗan kasuwar da ke zirga-zirga, malamin da ke da mabiya, gidauniyar unguwa. Da yawansu mutanen kirki ne, wasu ma daga aljihunsu suke ƙarawa. Ba zarginsu nake yi ba. Amma kirki ba ya maye gurbin tsari, kuma kuɗin jama'a da ya shiga asusun mutum ɗaya ya cakuɗe da nasa, ko shi kansa ba zai iya rantsuwa a kan lissafin ba. In mutuwa ta zo masa a tsakani, magada ma ba su san na wa ne ba. In kuma kuɗin yankin yaƙi za shi ta hannun da ba a sani ba, yana iya faɗawa wurin masu ɗauke da makamai, mai bayarwa ya jawo wa kansa tuhumar da bai taɓa tsammani ba. Gidauniyar da ke da rajista da hukumar CAC, da takardar sashen SCUML na EFCC, da asusu da sunanta wanda sai mutum biyu sun sa hannu kuɗi ke fita, ba a ce ba za ta iya cuta ba, amma aƙalla akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Red Cross ta Najeriya ma tana cikin tarayyar ƙungiyoyin Red Cross da Red Crescent ta duniya, wadda ke buɗe asusun neman agaji na kowane babban bala'i tana kuma wallafa rahotanninsa.

Nauyi mafi girma yana kan waɗanda jama'a ke bi da ido rufe: limamai, fastoci, shugabannin ƙungiyoyin addini da na 'yan kasuwa, da masu dubban mabiya a Facebook. Talakan da ya jefa Naira 500 a kwali bayan sallar Juma'a ba zai iya karanta rahoton odita na Ingilishi ba. Ya dogara ne da malam, don haka binciken ya koma wuyan malam da kwamitinsa. Hoton buhu da allon gidauniya, ana miƙa wa tsohuwa tana kallon ƙasa, ba lissafi ba ne, sau da yawa ma tozarta mai karɓa ne. Lissafi shi ne a ce an tara Naira kaza daga ranar kaza zuwa ranar kaza, an canza a kan farashi kaza, banki ya ci kaza, an tura wa ƙungiya kaza, ga rasit ɗinta. A karanta shi a lasifikar da aka yi roƙon da ita, a manna kwafi a allon sanarwar masallaci, a sa a shafin da aka sa hoton yaron. Kwamitin da ya saba yin haka don Antakya ko Herat ba zai rikice ba ranar da abin ya zo gida, kamar yadda ya zo Maiduguri a Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, aka tara biliyoyin Naira cikin 'yan makonni, mutanen Gwange da ke kwana a makarantu suna tambayar nawa aka samu, wa ke riƙe da shi, yaushe zai iso gare su.